Takardar Ladabi a Ƙofar Masana'anta: Nazarin Rikicin Maruti Suzuki na Manesar

Da sanyin safiyar Litinin, 29 ga Agusta 2011, ma'aikatan masana'antar haɗa motoci ta Maruti Suzuki da ke Manesar, a jihar Haryana ta ƙasar Indiya, suka iso bakin aiki suka tarar wuri ya sauya. Ɗaruruwan 'yan sanda sun cika harabar, an tsare mashiga, an ce ba mai wucewa sai ya sa hannu a wata takarda. Takardar ba ta da tsawo. Mutum zai cika sunansa da na mahaifinsa da lambarsa ta aiki, sannan ya ɗauki alkawarin ba zai ja ƙafa a kan aiki ba, ba zai riƙa tsayar da aiki jefi-jefi ba, ba zai yi zaman dirshan a cikin masana'anta ba, ba zai lalata kaya ba. A ƙasa kuma ya amince cewa ya san aikata ɗaya daga cikin waɗannan babban laifi ne a tsayayyun ƙa'idojin aiki na kamfanin, wanda hukuncinsa ya kai har kora ba tare da notis ba.

Kamfani ya ce matsa shi aka yi, don ma'aikata sun rage yawan motocin da suke haɗawa da gangan, wasu motocin kuma suna fitowa da lahani. Ma'aikata suka ce wannan takarda igiya ce ake so kowa ya zura wa wuyansa da hannunsa. Mafi yawansu suka ƙi, suka zauna a waje kwana 33.

Kafin a fahimci dalilin da 'yar takarda ɗaya za ta tsayar da babbar masana'anta fiye da wata guda, sai an san mece ce wannan tsayayyar ƙa'ida da takardar ta jingina da ita. A 1946, shekara ɗaya kafin Turawan Ingila su bar Indiya, aka kafa dokar da ta tilasta wa duk masana'antar da ke da ma'aikata 100 zuwa sama ta rubuta sharuɗɗan aikinta dalla-dalla. Kafin nan, a masaƙun Bombay da Kanpur da sauransu, abin da mai gida ko helumansa ya ga dama shi ne doka. Yau a yanke maka kuɗin makara, gobe a kore ka a kan abin da aka ƙyale wani jiya. Dokar ta jera abubuwan da dole a rubuta: rabe-raben ma'aikata, wato wane ne na dindindin, wane ne na gwaji, wane ne na wucin gadi, wane ne ɗan koyo, lokutan aiki da ranar biyan albashi, yadda ake karɓa-karɓar aikin safe da na dare, makara da fashi, yadda ake neman hutu da wanda ke bayar da shi, caje a bakin ƙofa, notis ɗin sallama, abubuwan da ake kira laifi da hukuncin kowanne, da kuma inda ma'aikaci zai kai kuka idan an zalunce shi.

Mai masana'anta ne ke rubuta daftarin, amma ba ya zama doka sai ya kai wa jami'in gwamnati mai tantancewa. Shi kuma jami'in ya aika wa ƙungiyar ma'aikata kwafi, ya saurari ƙorafinsu, tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 1956 ma yana da ikon duba ko sharaɗi ya yi adalci ko bai yi ba. In an buga hatimi, sai a liƙa ƙa'idojin a allo kusa da ƙofar da yawancin ma'aikata ke shiga, da Turanci da kuma harshen da suka fi ji. Daga ranar ta hau kan kowa, mai gida da yaronsa. A 1973 Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da haka a shari'ar wani kamfanin ashana da ya ɗauki maigadi gwajin wata 6, alhali ƙa'idar da aka tantance ta ce wata 2. Kamfanin ya ce ai mutumin da kansa ya yarda ya sa hannu. Kotu ta ce yarjejeniyar da ta saɓa wa tsayayyar ƙa'ida ba ta da ƙarfi. Hikimar a fili take: mai neman abin kai wa bakin salati zai sa hannu a kan komai, don haka sa hannunsa ba shaidar yarda ba ce.

Mai karatu a Najeriya zai iya tuna sashe na 7 na dokar ƙwadago tamu, wanda ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Niyyar ɗaya ce, sai dai ta Indiya ta fi nisa, tunda ta sa jami'in gwamnati da ƙungiyar ma'aikata a tsakani.

To, dokar a takarda ke nan. Mu leƙa cikin masana'antar.

Maruti ya fara ne a matsayin kamfanin gwamnati a 1981, ya haɗa gwiwa da Suzuki na Japan a 1982, ya fitar da ƙaramar motar nan Maruti 800 a ƙarshen 1983. Kafin 2011 gwamnati ta sayar da hannun jarinta, Suzuki ne ke da rinjaye, kamfanin kuma shi ne kan gaba wajen sayar da motoci a Indiya. Tsohuwar masana'antarsa tana Gurgaon. Ta Manesar, mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Delhi, sabuwa ce, a 2007 aka buɗe ta. Ma'aikatanta samari ne, yawancinsu ba su kai shekara 30 ba, 'yan ƙauyukan Haryana da maƙwabta da suka fito daga makarantun koyon sana'a.

Ga yadda ranar ɗayansu take a wancan lokacin, kamar yadda su da kansu suka bayyana wa 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi. Yana tsaye a gefen layin haɗa mota, gangar mota tana tafiya a kan bel, kafin minti ɗaya ya cika sabuwa ta iso gabansa. Ko ya gama ɗaure abin da zai ɗaure ko bai gama ba, bel ba ya jira. A wunin aikin yana da hutun shayi sau biyu, kowanne minti 7 da rabi, da rabin awa na cin abinci. A cikin minti 7 da rabin nan zai cire safar hannu, ya garzaya ya karɓi shayi, ya bi layin banɗaki, ya dawo kafin bel ya motsa. Ma'aikata sun sha faɗin cewa da kofin shayi a hannu suke shiga banɗaki. In fitsari ya matsa shi ana cikin aiki, sai ya nemi izinin sufabaiza, a samo mai tsaya masa.

Albashin ma haka. Kusan rabin abin da ma'aikacin dindindin ke ɗauka a wata ba tsayayye ba ne, lada ne da aka ɗaura a kan zuwa aiki da yawan motocin da aka fitar. Ya yi fashin kwana ɗaya, ko da rashin lafiya ne, a zabtare wani babban kaso. Kwana biyu ko uku, ladan ya tafi kusan gaba ɗaya. Wato hutun da takarda ta ba shi yana nan, amma in ya taɓa shi sai tukunyar gidansa ta ji a jikinta.

Wannan na masu gata ke nan. Fiye da rabin mutanen da ke cikin masana'antar ba ma'aikatan dindindin ba ne. Akwai 'yan koyo, akwai masu jiran a tabbatar da su, sai kuma tarin leburorin da 'yan kwangila ke kawowa. Leburan kwangila yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da na dindindin, spana iri ɗaya, gudun bel iri ɗaya, amma abin da yake karɓa bai kai rabin na abokinsa ba. A idon takarda shi ba yaron Maruti ba ne, yaron ɗan kwangila ne. A lokacin Indiya tana da dokar 1970 a kan aikin kwangila, ƙa'idojinta ma sun ce mai aiki iri ɗaya da na dindindin a biya shi daidai da shi. Amma hana amfani da 'yan kwangila a wani aiki sai gwamnati ta fitar da sanarwa, kuma a 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin ƙarfe na gwamnati, ta ce ko an hana ɗin ba dole ba ne masana'anta ta mayar da su ma'aikatanta. A ganina nan ne ɓarakar farko take. An gina wa ma'aikaci rumfa, sannan aka bar mai masana'anta ya zaɓi mutum nawa za su shiga inuwarta.

Akwai ƙungiyar ƙwadago a kamfanin, amma cibiyarta tana Gurgaon, samarin Manesar kuma suna kallonta a matsayin 'yar amshin shatan manajoji. Ranar 3 ga Yuni 2011 suka kai takardar neman rajistar tasu ƙungiyar ofishin ƙwadago na jiha a Chandigarh. Suka ce nan da nan aka fara bin mutane ana neman su sa hannu cewa suna cikin tsohuwar ƙungiya. Washegari, 4 ga wata, kimanin mutum 2,000 suka ajiye kayan aiki suka zauna a cikin masana'anta, na dindindin da na kwangila tare. Kamfani ya kori 11. Bayan kwana 13 aka sasanta, aka mayar da su, amma aka yanke albashin kwanakin yajin. Ba a jima ba ofishin ƙwadago ya yi watsi da neman rajistar, aka ci gaba da dakatar da mutane ɗaya bayan ɗaya, har aka zo safiyar 29 ga Agusta.

Abin da ya fi ɗaure kai game da takardar nan shi ne dokar Indiya ta san da irinta, har ta ambace ta da suna. Dokar sasanta rikicin masana'antu ta 1947, wadda ke aiki a lokacin, tana da jerin abubuwan da ta kira zaluncin ƙwadago, a cikinsu akwai tilasta wa ma'aikatan da ke yajin aiki na halal su sa hannu a takardar alkawarin ladabi kafin a bar su su koma aiki. Kamfani yana iya fakewa da cewa ba yajin halal ake yi ba, kuma tsayayyun ƙa'idojinsa sun ba shi dama. Amma a Nuwamban wannan shekarar ministan ƙwadago na tarayya, Mallikarjun Kharge, ya shaida wa majalisa cewa neman wannan takarda son rai ne kuma zaluncin ƙwadago ne. Sai dai a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tun farkon Oktoba yunwa ta sa ma'aikata sun sa hannu. Gwamnatin Haryana, wadda alhakin aiwatar da dokar ke wuyanta, ita ce ta tura 'yan sandan da suka tsare ƙofa, jami'anta ne kuma suka shiga tsakani a sulhun da ya ƙare da sa hannun.

Me ya sa suka tsaya kwana 33 a kan abin da, in an duba, yana cikin ƙa'ida tun da ma? Saboda kalmar jan ƙafa ba ta da ma'auni. Wa zai ce an ja ƙafa? Wanda ya saita gudun bel. Ya ƙara gudu, ka kasa kamowa, ka zama mai laifi, ga kuma sa hannunka cewa ka san hukuncinsa kora ne. Takardar ta kuma raba su. Maimakon ƙungiya ta zauna da kamfani a yi magana da murya ɗaya, sai kowane saurayi ya tsaya shi kaɗai a gaban tebur da biro a hannu.

Da suka koma aiki sai suka ga an bar leburorin kwangila kimanin 1,200 a waje. Abin da suka yi a nan ya cancanci a tsaya a kansa, don ba kasafai ake ganinsa ba. Mutanen da suka yi wata guda ba albashi, suka samu suka koma da ƙyar, ranar 7 ga Oktoba suka sake ajiye aiki saboda waɗanda takarda ta ce ba 'yan uwansu ba ne. Ma'aikatan wasu masana'antun Suzuki da ke Manesar suka mara musu baya. Bayan mako biyu kamfani ya yarda ya mayar da 'yan kwangilar da ma'aikatan dindindin 64 daga cikin waɗanda ya dakatar ko ya kora. Mutum 30 suka rage a dakace, cikinsu har da shugaban tafiyar, Sonu Gujjar, da sakatarensa Shiv Kumar. Doka ta ce wanda aka dakatar ana bincike a kansa a riƙa ba shi rabin albashi na kwana 90, daga nan kashi 75 cikin 100 in jinkirin ba daga gare shi ba ne, har a yanke hukunci. Ba a kai ga hukuncin ba. Cikin 'yan makonni labari ya fito cewa su 30 ɗin sun karɓi kuɗin sallama masu kauri sun ajiye aiki. Kamfani ya rabu da shugabannin, bai rabu da abin da ya haife su ba.

Ma'aikata suka zaɓi sababbi. A farkon 2012 aka yi wa ƙungiyarsu rajista, suka miƙa buƙatunsu, kan gaba a ciki a daina aikin kwangila a kan layi, a kuma gyara albashi da hutu. Tattaunawa ta yi ta jan jiki wata da watanni.

Ranar Laraba, 18 ga Yuli 2012, da safe, cacar baki ta haɗa wani ma'aikaci da sufabaizansa. Ma'aikacin ɗan Dalit ne, rukunin da tsohon tsarin fifikon asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa. Ƙungiya ta ce sufabaizan ya zage shi da asalinsa, wanda laifi ne a dokar ƙasar. Kamfani ya ce ma'aikacin ne ya kai wa sufabaiza hannu. Aka dakatar da ma'aikacin nan take, ba a taɓa sufabaiza ba. Shugabannin ƙungiya suka hau ofis neman a janye dakatarwar, masu aikin safe suka ƙi tafiya gida, masu aikin yamma suka shigo suka same su. Zuwa magariba wuri ya yamutse. Kamfani ya ce ma'aikata sun afka wa manajoji da rodi da ƙarafunan ƙofar mota, suka cinna wuta. Ma'aikata suka ce an shigo da ƙarti na haya, su ne suka fara duka. Abin da ba a musu a kansa shi ne manajoji da jami'ai kusan 100 sun ji rauni, wasu da karaya, sashen ofis ya ƙone, aka kuma tsinci gawar babban manajan kula da ma'aikata, Awanish Kumar Dev, a cikin ginin da ya ƙone.

Babu wani zalunci na minti 7 da rabi da zai halasta wannan. Mutum ne mai iyali ya fita aiki bai dawo ba, kuma duk wanda ke da hannu a mutuwarsa ya cancanci hukunci. Amma nazari ba ya cika sai an tambayi yadda rigimar mutum biyu a kan layi ta zama gobara cikin awa 12. Irin wannan rigimar ce aka yi dokar 1946 dominta. Akwai hanyar da aka shimfiɗa: a ba wanda ake zargi takardar tuhuma, ya kare kansa, a ji shaidu, a duba ƙorafinsa a kan na sama da shi. Da ma'aikata sun taɓa ganin wannan hanya ta yi aiki a kan wani sufabaiza ko sau ɗaya, da wataƙila sun tafi gida sun jira. Shekara guda suna ganin ana zaro ƙa'ida duk lokacin da za a hukunta su, ana mayar da ita aljihu duk lokacin da za ta kare su. Ranar da aka fi buƙatar su yarda da ita, ba wanda ya yarda.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar musu da zatonsu. Kamfani ya rufe masana'anta wata guda, ya buɗe ranar 21 ga Agusta cikin tsaro mai tsanani. Ya kori ma'aikatan dindindin 546 ba tare da zaman bincike ɗaya ba, leburorin kwangila kimanin 1,800 kuma aka sallame su, su ba ma sai da takarda ba. Mai tambaya zai ce, ina ƙa'idar bincike kafin kora? Kotunan Indiya sun daɗe da barin wata kafa: in kamfani ya kori mutum ba bincike, yana iya kawo hujjojinsa daga baya a gaban kotun ƙwadago. Wato a fara yanka, a yi bisimilla daga baya. Kamfani yana da lauyoyi da shekarun jira. Saurayin da ya koma ƙauye ba albashi ba shi da ko ɗaya.

'Yan sanda suka gurfanar da ma'aikata 148. A Mayun 2013 babbar kotun Punjab da Haryana ta hana wasunsu beli, a cikin dalilanta har da cewa irin wannan tarzoma za ta iya sa masu zuba jari na waje su guji Indiya. Yawancinsu sun haura shekara 2 da rabi a tsare kafin a fara ba da beli. Ranar 10 ga Maris 2017 kotu a Gurgaon ta sami 31 da laifi, ta wanke 117. Bayan mako guda aka yanke wa 13 ɗaurin rai da rai, 12 daga cikinsu shugabannin ƙungiya ne, na 13 kuma shi ne ma'aikacin da aka yi cacar bakin da shi da safe. Lauyoyin da suka kare su da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun nuna rauni a shaidun, musamman yadda wasu shaidu suka jero sunayen waɗanda ake zargi bi da bi bisa jerin haruffa, kamar daga rajista ake karantowa.

Kamfani ya sauya wasu abubuwa. Ya ƙara albashi sosai, ya ce zai daina karɓar leburorin layi daga hannun 'yan kwangila, zai riƙa ɗauka da kansa. Da yawa daga cikin waɗanda ya ɗauka ɗin na wucin gadi ne, 'yan watanni a sallame su a kawo wasu. Ƙungiyar ta farfaɗo, tana nan har yau.

A 2020 majalisar Indiya ta narkar da dokar 1946 da ta ƙungiyoyin ƙwadago ta 1926 da ta rikicin masana'antu ta 1947 cikin kundi ɗaya. Kundin ya toshe wata kafa da ta jawo rikicin Manesar, don ya ce ƙungiyar da ke da kashi 51 cikin 100 na ma'aikata dole a zauna da ita, abin da dokar tarayya ba ta tilasta ba a da. Amma ya ɗaga adadin ma'aikatan da ke wajabta rubuta tsayayyun ƙa'idoji daga 100 zuwa 300, don haka masana'antu masu yawa da a da dole su liƙa allo a bakin ƙofa yanzu sun fita daga wannan wajibi.

Su kuwa 117 da kotu ta ce ba su da laifi, wankewar ba ta mayar musu da aikinsu ba, haka ɗaruruwan da aka kora ba a taɓa tuhumarsu da komai a kotu ba. Fiye da shekara 10 bayan gobarar, wasu daga cikinsu, waɗanda suka shiga masana'antar suna samari yanzu kuma suna da 'ya'ya a makaranta, suna ta komawa Manesar suna zaman dirshan, suna neman a mayar da su bakin aiki.